Zuma, ga zaƙi ga harbi: ƴar lambar da ke jikin kwalba

  A wannan karo filin namu zai tsaya ne a kan wata ƴar lamba da ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan takardar da ke manne a jikin kwalba. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa kula da ita ba, alhali kuwa rashin kula da ita ya kusa zubar da mutuncin wani dattijo a gaban idona.

Kwanakin baya aka gayyace ni ɗaurin auren ƴar wani aminina, mai kanti a kasuwar Dole, wanda gidansa na gado ke cikin Birni. Kamar yadda kuka sani, yanzu biki ba ya cika a wurin mata sai an jera waɗannan dogayen kwalabe masu kai naɗe da takarda mai ruwan zinari, waɗanda in an buɗe su sai murfin ya yi ƙara, kumfa ta taso, a yi guɗa. Ruwan inabi ne mai iska wanda ba shi da giya, wasu har suna kiransa shampan na Musulmi. Alhaji ya sa yaronsa ya sayo masa katan-katan daga hannun wani dillali a ƙetaren iyaka, ya ware na biki, sauran kuma ya zuba a kanti.

Bayan an shafa fatiha muna zaune a zaure, ana ta miƙo alkaki da goro, sai wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya ya ɗauki kwalba guda, ya sa tabarau, ya yi ta juya ta. Can sai ya ɗago kai.

"Alhaji, wa ya sayo maka wannan?"

"Yarona ne, Mushe. Lafiya dai?"

"Ka aika cikin gida maza a dakatar da buɗe mai irin wannan takarda. Giya ce."

"Haba Mushe! Ai jiya na ɗanɗana da kaina. Zaƙi gare ta kamar zoɓo, ko ɗaci babu."

"To ai a nan gizo ke saƙar, Alhaji. Matso ka dubi nan ƙasa."

Abin da ke rubuce a wurin shi ne 8 % vol. Kafin ɗan aike ya isa cikin gida an riga an buɗe kwalabe uku. Wata gwaggon amarya tana cewa ƙasa na juya mata, wani yaro ɗan shekara shida kuma da ya shanye kofin uwarsa ya ɓingire da barci tsakar rana. Allah ya taƙaita, babu wanda ya kai ga asibiti. Amma ban taɓa ganin Alhaji ya yi zufa irin ta wannan rana ba, domin nan take ya tuna cewa daga cikin wannan lodi ya riga ya sayar da katan huɗu a kantinsa, ga mutanen da suka saya saboda sun yarda da shi. Washegari da kansa ya bi su gida-gida, yana karɓar kayan, yana mayar da kuɗi, yana ba da haƙuri. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya yi walimar suna da nasa.

Na roƙi Alhaji ya bar mini kwalba guda da ba a buɗe ba, na zauna da takardarta. Sunan abin da ke ciki Lambrusco. Jan giyar inabi ce ta arewacin Italiya, ana yin ta musamman a yankin Emiliya-Romanya, kewayen garuruwan Modena da Rajiyo Emiliya da Parma, da kuma wajen Mantuwa. Sunan na irin inabin ne da ake matsa, kuma tun 1970 hukumar Italiya ta ba wasu nau'o'inta, irin su Sorbara da Grasparossa da Salamino, takardar shaidar asali. Tana da iska kaɗan, tana da kumfa ja-ja, ana shanta da sanyi. Akwai marar zaƙi, wadda ƙarfinta ke kai wa kashi 11 cikin 100 ko kusa da haka. Akwai kuma mai zaƙi, wadda ita ce ta fi yawo a duniya, ƙarfinta yawanci kashi 7,5 zuwa 8,5. Tana da wata ƴar uwa daga yankin Piyemonte mai suna Brachetto d'Acqui, ja ce ita ma, mai ƙanshi da zaƙi, ƙarfinta tsakanin kashi 5 da 6,5. Waɗannan su ne Turawa ke kira giya mai sauƙi. Kuma lalle suna da sauƙi idan an gwada su da jan giyar teburi ta Faransa mai kashi 12 ko 13, ko da wiski mai kashi 40. To amma sauƙi a wurin wa? Wannan ita ce tambayar.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa barin kunun zaƙi ya kwana biyu a lokacin bazara ya ga yadda yake kumbura yana tsartuwa. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, dangin yis ɗin da masu burodi ke sa wa kwaɓi, waɗanda ke cin sukari su fitar da abu biyu: sinadarin da ke sa maye, wato alkol, da kuma iska. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya tabbatar da haka tsakanin 1857 da 1860. Masu sana'ar suna lissafin cewa kimanin giram 17 na sukari a cikin lita guda shi ke ba da kashi 1 na alkol. Ruwan inabi da ya nuna sosai yana ɗauke da sukari wajen giram 200 a lita, saboda haka in aka bar ƙwayoyin suka cinye shi duka, sai a sami giya marar zaƙi mai kashi 12.

Mai son giya mai zaƙi sai ya tare aikin a tsakiya. Yakan sanyaya tankin har ƙwayoyin su daina motsi, sannan ya tace su ya fitar. Sukarin da suka riga suka ci ya zama alkol, wanda ba su kai gare shi ba ya rage a matsayin zaƙi. Ita kuwa kumfa, ana samun ta ne domin ana yin aikin a cikin rufaffen tankin ƙarfe inda iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke a cikin ruwan. Wani Ba'italiye mai suna Federico Martinotti ya yi rajistar wannan dabara a 1895, wani Bafaranshe kuma, Eugène Charmat, ya kyautata ta a 1907. Abin lura a nan shi ne, zaƙin da Alhaji ya ji a harshensa ragowar sukari ne. Kafin kwalbar ta kai kashi 8, sukari fiye da giram 130 a kowace lita ya riga ya rikiɗe ya zama abin maye. Harshe yana ba da labarin abin da ya rage, lamba kuma tana ba da labarin abin da ya riga ya juya.

Ita wannan lamba tana da tarihi, kuma tarihin nata na haraji ne, abin da ƴan duwan za su ji daɗin ji. A 1824 ne masani Gay-Lussac ya ƙera wa gomnatin Faransa ma'aunin da ake tsomawa a cikin ruwa a gane yawan alkol ɗinsa, domin a san abin da za a karɓa a kan kowace ganga. Ya sa tsabtataccen ruwa a kan 0, zallan alkol a kan 100. Tsofaffin ma'aikata za su tuna lokacin da ake rubuta 8° ko 12° a jikin kwalba, ana cewa digiri. Yau ana rubuta % vol, ma'anar dai guda ce: a cikin kowane awo 100 na abin da ke cikin kwalbar, awo kaza zallan alkol ne.

Bari mu yi lissafi irin na kanti. Kwalbar tana cin santilita 75. Kashi 8 cikin 100 na 75 shi ne 6. Ke nan a cikin kwalba guda akwai santilita 6 na zallan alkol, kusan cikin ɗan kofin shayi, nauyinsa wajen giram 47. Giyar sha'ir da ake sha a mashaya, wadda Faransawa ke kira bière, ƙarfinta yawanci kashi 5 ne, kuma babbar kwalbarta mai santilita 65 tana da alkol santilita 3 da kwata. Ashe kwalba guda ta wannan jan ruwa mai zaƙi ta kusa daidai da manyan kwalabe biyu na giyar mashaya, kuma daidai take da santilita 15 na wiski. Kofi da kofi, abin da aka zuba wa gwaggon amarya ya fi abin da ake zuba wa mashayi ƙarfi da fiye da rabi.

Mu ƙara gaba kaɗan. Likitoci suna da hanyar kimanta yawan alkol da ke shiga jini bisa nauyin jikin mutum. Namiji mai kilo 70 da ya sha rabin kwalba, jininsa zai kai kusan rabin giram a lita. Wannan shi ne iyakar da dokar Faransa ta sa wa direba tun 1995, wanda ya kai ta ba shi da izinin riƙe sitiyari. Mace mai kilo 60 da ta sha daidai wannan za ta zarce iyakar. Yaro mai kilo 20 kuwa, kofi guda na santilita 15 ya isa ya kai shi wajen giram 0,8, kuma ga yara alkol na iya faɗar da sukarin jini ƙasa ƙwarai, abin da kan jawo suma. Hanta ba ta gaggawa: tana bukatar awa guda ko fiye kafin ta ƙone abin da ke cikin kofi ɗaya, kuma shayi mai ƙarfi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Yanzu ku auna direban da ya kawo ƴan biki daga Mirya ko Matamai, aka ba shi kofi uku na abin da yake zaton lemo ne, sannan ya kwashi mata da yara ya hau hanya da magariba.

Abin da ya sa irin wannan giya ta fi yaudara shi ne ta zo a cikin rigar abin da muka saba. Sukari yana rufe ɗacin alkol, sanyi yana rage warinsa, kumfa kuma tana sa maƙogwaro ya ɗauke ta tamkar lemon kwalba. Mai shan wiski yana kurɓa ne kaɗan-kaɗan domin ya san abin da ke hannunsa. Mai ƙishirwa a watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, ɗaga kofi yake ya shanye ya miƙa a ƙara. Bugu da ƙari, wani ɗan bincike da aka buga a Ingila a 2003 ya nuna cewa waɗanda suka sha shampan da iskarta, alkol ya fi saurin hawa jininsu a mintocin farko bisa ga waɗanda suka sha irinta da aka fitar wa iska. Masu sayar da ita ma sun san sirrin farin jininta. Ƙungiyar manoman inabi ta Riunite, wadda aka kafa a Rajiyo Emiliya a 1950, ta shigar da Lambrusco mai zaƙi Amurka, ƙasar da mutanenta suka tashi da shan lemon kwalba, kuma a shekarun 1970 da 1980 babu giyar inabi ta waje da ta kai ta kasuwa a can. A tsakiyar shekarun 1980 cinikinta ya haura katan miliyan 10 a shekara. Mutanen da ba su iya shan giya mai ɗaci ba su ne suka yi mata wannan kasuwa.

Wani ma'aikaci da na ba wannan labari ya yi dariya ya ce, "Malam, kashi 8 ai ba giya ba ce, abin wanke baki ne bayan abinci." Na san inda ya gado wannan magana, kuma ya kamata mu bi sawunta. Lokacin da ƙasashen Turai suka taru a Burusal a 1890, sun amince a hana ko a tsananta shigar da barasa a wani yanki mai faɗi na Afirka, daga layi na 20 arewa zuwa na 22 kudu, kuma Damagaram tana ciki. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ƙara ƙarfafa wannan. Amma abin da waɗannan takardu suka sa wa ido shi ne barasar da ake dafawa a tace tururinta, irin su jin da wiski. Giyar inabi ba ta shiga wannan sahu ba, domin a Faransa ta wancan zamani ita da giyar sha'ir doka na kiransu boissons hygiéniques, wato abin sha mai kyautata lafiya, har ana sassauta musu haraji. Da wannan fahimta sojan Faransa suka shigo Damagaram a 1899, da ita kuma aka zauna a teburin kwamandoji a shekarun da garin nan yake babban birnin mulkin Nijar, daga 1911 zuwa 1926. Akawuna da tafintoci da suka yi aiki a ƙarƙashinsu sun ji ana cewa wannan abinci ce, waccan ce giya, kuma maganar ta bi zuriyar ma'aikata har ta iso bakin abokina.

Su kansu Faransawa sun daɗe da sauka daga kan wannan ra'ayi. Sai a 1956 aka hana ba yara ƴan ƙasa da shekara 14 giyar inabi a ɗakunan cin abinci na makarantunsu, a 1981 kuma aka hana ta a manyan makarantun sakandare baki ɗaya. A 1988 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon, ta sa duk abin sha mai alkol a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, ba tare da ta ware mai zaƙi ko mai sauƙi ba. Jiki bai san sunan kwalba ba, yawan giram ɗin da ya shiga cikinsa kawai ya sani.

Ta fuskar addini kuwa, ba ni ne zan yi wa mutanen Birni karatu ba, garin da kusan kowane lungu akwai zauren malami. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin mazhabar Malikiyya: abin shan da yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma cinikinsa bai halatta ga Musulmi ba. A kan giyar inabi musamman, mazhabobin nan huɗu ba su saɓa ba. Malamai sun kuma bayyana cewa wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da zunubi, don haka gwaggon amarya ta kwantar da hankalinta. To amma uzurin rashin sani yana da iyaka ga wanda sana'arsa ce ya san abin da yake sayarwa. Na san kuma a cikin masu karanta wannan fili akwai waɗanda ba Musulmi ba, akwai kuma waɗanda ke sha da saninsu. Ba shari'arsu na zo yi ba. Su ma lambar nan ta shafe su, domin wanda ya raina kashi 8 ya hau babur, kwalta ba za ta tausaya masa don abin da ya sha mai zaƙi ne ba.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowane mai kanti ya koya wa kansa da yaransa. Kama da wane ba ta wane: kwalbar ruwan inabi marar giya da kwalbar giya mai iska ƙira guda ake yi musu, kai guda, waya guda a murfi, sau da yawa har hoton nonon inabi iri guda. Kada a dogara da siffa, kada a dogara da launi ko ɗanɗano. A juya kwalba a nemi lamba mai alamar % da kalmar vol ko alc a kusa da ita. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a rubuta wannan lamba a kan duk abin sha da ya wuce kashi 1,2, saboda haka kayan da ya fito daga Italiya ko Faransa ko Sipaniya ta hanyar ƙwarai ba ya rasa ta in giya ne. In ka ga 5, ko 7,5, ko 8, ko 11, ajiye, giya ce. Wannan ko wanda bai yi lakwal ba yana iya gane shi, tunda babu ɗan kasuwar da bai san lamba ba.

Sai kalmomi. Vino da vin da wine duk giyar inabi suke nufi. Frizzante da spumante a Italiyanci, pétillant da mousseux a Faransanci, suna nufin mai iska ne kurum, ba su ce komai a kan giya ba. Dolce da amabile da doux suna nufin mai zaƙi, kuma su ne suka fi ruɗin mutane, domin mai ɗan Faransanci yakan ɗauka doux na nufin marar ƙarfi. Wanda ba giya ba yawanci za ka ga an rubuta jus de raisin, ko sans alcool, ko 0,0 %. A nan ma akwai wurin lura. A dokar Faransa giyar sha'ir da ake kira sans alcool tana iya ɗaukar har kashi 1,2, giyar inabin da aka cire wa alkol kuma dokar Turai ta 2021 ta yarda ta riƙe har kashi 0,5. Wanda ke son ya fita daga shakka sai ya nemi wanda aka rubuta ruwan inabi ne tsantsa da bai taɓa tsami ba, ko mai 0,0 %, hukuncin ragowar kuma ya kai wa malaminsa. Akwai wata alama mai taimako: tun 2007 Faransa ta wajabta gargaɗin mata masu juna biyu a jikin kwalaben giya, kuma yawanci hoto ne na mace mai ciki riƙe da kofi, an ja layi a kanta. In ka ga wannan hoto, magana ta ƙare. Rashinsa dai ba shaida ba ne, domin ba kowace ƙasa ke sa shi ba. Haka kuma lambar hukumar NAFDAC da ke kan kayan Najeriya shaidar rajista ce kawai, giya ma tana da ita.

Ga manyan ƴan kasuwa masu fito da kaya, takardar duwan ma tana magana. A tsarin lambobin kaya na duniya da ake aiki da shi tun 1988, giyar inabi tana ƙarƙashin lamba 22.04, abin sha marar giya mai iska yana 22.02, kuma sharaɗin shiga wannan gida na biyu shi ne kada alkol ya wuce kashi 0,5. Wanda ya bayyana katan ɗin Lambrusco a matsayin lemo, ko da bisa kuskure ne, ya yi bayanin ƙarya a idon doka, kuma tara na jiransa. Wanda kayansa ke ratsa Kano kuwa, inda aka kafa shari'a a 2000, ya tuna cewa a watan Nuwamba na 2013 hukumar Hisbah ta farfasa kwalaben giya kimanin 240.000 a rana guda. Ranar da aka tare motarka ba za a tambaye ka ko ka ɗanɗana ka ji zaƙi ba. Su kuma ma'aikatan duwan da na ofishin kasuwanci, muna roƙonsu in sun ga irin wannan kaya a hannun wanda alamu suka nuna bai san abin da ya ɗauko ba, su faɗa masa tun a bakin iyaka. Gidajen rediyonmu ma, minti biyar na bayani da Hausa kafin lokacin bukukuwa zai yi amfani mai yawa.

Garin nan da ciniki aka san shi. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, ayarin Tarabulus da Gat da Agadas a nan suke sauke kaya kafin su wuce Kano, kuma attajiran Zango irin su Malam Yaro sun yi suna har bakin bahar. Fatake na wancan zamani ba sa karɓar ƙunshi sai sun kwance shi, su murza yadi, su shinshina turare, su auna gishiri. Hannu da hanci da harshe sun ishe su, domin kayan zamaninsu ba ya ɓoye kansa. Kayan yau a rufe yake zuwa, da harshen da ba namu ba, kuma abin da ya maye gurbin murzawa da shinshinawa shi ne karanta takarda. Mai saye da ya shigo kantinka bai san Modena ba, bai san Martinotti ba, kai ya sani, kuma da amanarka yake kai kwalba gaban uwarsa da ƴaƴansa.

Alhaji dai ya ɗauki darasi. Da na koma kantinsa a makon jiya na tarar ya sa an rubuta 0,0 % da manyan baƙaƙe a jikin kwali an liƙa a kan kanta, kuma ya kafa wa yaransa doka cewa ba a shigar da katan sito sai an fasa shi an duba kwalba guda. Ya ce mini asarar kuɗin ba ta dame shi ba kamar tsayuwar da ya yi a ƙofar gidan mutumin da ya riga ya yi walima, yana neman kalmar da zai fara da ita. Matambayi ba ya ɓata, jama'a. Kafin a yi guɗa a fasa murfi, a juya kwalba a duba ƙasa.